Bene na katako, waya ta rake: Mene ne gaskiyar kayan gini da na lantarki da ake samu daga tsirrai?

Shin da gaske za a iya tayar da bene mai hawa 18 da katako, a kuma lulluɓe wayar lantarki da robar da aka samo daga rake? An riga an yi duka biyun. Abin da ake jayayya a kansa yanzu shi ne ko wannan sauyi yana rage wa duniya ɓarnar da ake cewa yana ragewa, da kuma ko wanda zai kwana a cikin irin wannan gini zai kwana lafiya.

Mutane sun rabu biyu a kan batun, kuma kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne. Wasu da sun ji an ce katako ko gora ko tattaka sai su ce an koma gidan jiya, wuta za ta ci, gara za ta cinye. Wasu kuma da sun ga an rubuta "daga tsiro aka yi" a jikin kaya sai hankalinsu ya kwanta, su ɗauka ba shi da wata illa ko kaɗan. A ganina waɗannan na biyun sun fi buƙatar a zauna da su, domin 'yan talla sun gano cewa kalmar tsiro tana sayar da kaya.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce "na tsiro". Asalin kayan kawai take faɗa: daga gona ko daji ya fito, ba daga rijiyar mai ko ramin ma'adinai ba. Ta biyu ita ce "mai sabuntuwa", wato abin da idan an ɗiba zai sake tsirowa cikin lokacin da ɗan Adam zai iya jira. Gora tana isa sara cikin shekara 3 zuwa 5, bishiyar katako tana ɗaukar gomman shekaru, man fetur kuwa miliyoyin shekaru ya yi kafin ya samu. Ta uku ita ce "mai ruɓewa", wato abin da ƙwayoyin halitta za su iya cinyewa ya koma ƙasa.

Kaya zai iya zama na tsiro ya ƙi ruɓewa ko bayan shekaru masu yawa, kamar robar rake da za mu zo kanta. Zai iya zama na tsiro amma a yi ta saran uwarsa har ta kusa ƙarewa a daji. A harkar gini da waya ma, ruɓewa ba abin so ba ne muddin kayan yana kan aiki. Babu mai son ginshiƙin gidansa ko rigar wayar da ke binne a bangonsa ta fara komawa ƙasa alhali yana ciki. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin kayan gini da ledar zuba kaya, kuma rashin lura da shi ne tushen yawancin ruɗanin.

Me ya sa aka waiwayi tsirrai?

Siminti ne ya fi komai jawo wannan magana. Duniya tana yin siminti kusan tan biliyan 4 a kowace shekara, kuma wannan sana'a kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a tanderu mai zafin digiri 1,450. Makamashin da ake ƙonawa yana fitar da hayaƙi, amma fiye da rabin iskar daga cikin dutsen kansa take fitowa lokacin da zafi ya warware shi. Ke nan ko an hura tanderun da wuta mai tsabta, wannan kason yana nan. Ƙarfe ma yana da nasa kaso da ya yi kusa da na siminti. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafin cewa gine-gine, daga yin su zuwa zama a cikinsu, suna da alhakin sama da kashi ɗaya cikin uku na iskar kabon da ke fitowa daga makamashi da masana'antu.

Tsiro kuwa zuƙar wannan iskar yake yi yana girma. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiyar ta ɗauko daga iska, har ana ƙiyasta cewa katako mai tsawo da faɗi da kauri mita ɗai-ɗai yana riƙe da abin da ya kusa tan ɗaya na iskar. Idan aka yi ginshiƙi da shi, kabon ɗin zai zauna a ɗaure muddin ginin yana tsaye. Idan kuma aka dasa wata bishiya a gurbin wadda aka sare, ita ma za ta ɗauki nata. Wannan lissafi ne ya sa Faransa, a dokar gininta da ta fara aiki a watan Janairun 2022, ta fara ƙirga iskar da aka fitar wajen yin kayan ginin kansu, bayan a da wutar da gida ke ci bayan an tare ce aka fi dubawa.

Katakon da ya hau sama

Katakon da ake magana a kansa ya bambanta da wanda kafinta ke yin rufin kwano da shi. A shekarun 1990, a Ostiriya da Jamus, aka kammala dabarar jera allunan katako, a shafa musu gam, a ɗora wani jeri a gicciye, a sake ɗora wani, har hawa uku ko biyar ko bakwai, sannan a matse su da inji. Itace yana da ƙarfi ta tsawon zarensa, yana da rauni ta gicciye. Da aka giccita jerin sai kowane hawa ya rufe raunin ɗan'uwansa, aka samu bango ko daɓen bene sukutum mai kauri, wanda ake yanke masa ƙofa da taga da hanyar waya tun a masana'anta. A wurin gini ɗagawa kawai ake yi da inji a ɗaure. Aiki yana sauri, ƙura da hayaniya suna raguwa, kuma da yake ginin ya fi na kankare sauƙin nauyi, harsashinsa ma ba ya cin siminti da yawa.

A garin Brumunddal na ƙasar Norwe an kammala ginin Mjøstårnet a 2019, mai tsayin mita 85.4 da hawa 18. A 2022 ginin Ascent na birnin Milwaukee a Amurka ya ɗara shi da kaɗan, da hawa 25. Sai dai ya kamata a faɗi abin da hotunan talla ba sa nunawa: a ginin Norwe an zuba daɓen kankare a hawa na sama-sama domin a ƙara masa nauyi kada iska ta riƙa kaɗa shi, na Amurka kuma ƙasansa da ramukan matattakala da na lifta duk kankare ne. Manyan gine-ginen katako mafi yawa haɗin gambiza ne, katako ya rage siminti da ƙarfe bai kore su ba.

To, gobara fa? Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san ƙirare suna kamawa nan take, amma gungume sai ya daɗe yana ci. Ginshiƙi mai kauri idan wuta ta kama shi, bayansa yana zama gawayi, gawayin kuma yana tare zafi daga isa ciki. Injiniyoyi sun auna saurin wannan ci: wajen milimita 0.65 a minti ɗaya ga katakon da aka fi gini da shi a Turai. Don haka za su iya ƙara wa ginshiƙi kauri ta yadda ko ya yi awa ɗaya ko biyu yana ci, abin da ya rage a ciki zai ci gaba da ɗaukar ginin. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma idan zafi ya kai wajen digiri 600 yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe, shi ya sa shi ma sai an lulluɓe shi.

Duk da haka masu kashe gobara suna da hujja idan suka nuna damuwa. A ginin katako, jikin ginin ma makamashi ne. Akwai gam ɗin da zafi ke sassautawa, gawayin ya ɓalle ya faɗo, sabon katako ya bayyana wuta ta sake ruruwa, abin da ya sa aka tsaurara gwajin gam ɗin. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, Ingila ta hana sa duk wani abu mai cin wuta a bangon waje na gidajen kwana da suka wuce mita 18. Ginin Grenfell na kankare ne, kuma abin da ya yaɗa wutar rufin ado ne mai roba ta fetur a ciki, amma dokar ta haɗa da katako. Har yau masu ginin katako suna ganin an yi musu kuɗin goro.

Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro ga katako ruwa ne. Wuta kowa yana ganinta. Famfon da ke ɗiga cikin bango kuwa zai iya shekara yana aikinsa a ɓoye, har fumfuna da ruɓa su kama kafin a farga. Tsoffin magina a ƙasashen da suka saba da itace suna cewa gida yana son hula mai faɗi da takalmi mai tsawo, wato rufin da ya zarce bango da harsashin da ya ɗaga shi daga laimar ƙasa.

Gora, tattaka da sauransu

Gora ciyawa ce, shi ya sa idan an sare ta take sake tohowa daga saiwarta ba sai an dasa ba. A Kolombiya, bayan girgizar ƙasar 1999 a yankin da ake noman kofi, an lura cewa gidajen gora da yawa da aka gina da kyau sun tsaya yayin da na bulo marasa rodi suka zube, domin gora tana lanƙwasawa ta dawo kuma ba ta da nauyi. Yanzu tana cikin dokar ginin ƙasar. Rauninta shi ne sitacin da ke cikinta, wanda ƙwari masu huda itace ke so. Idan ba a jiƙa ta a ruwan gishirin boron ba, 'yan shekaru kaɗan za ta yi.

Tattakar alkama da ta shinkafa, wadda a wurare da dama ƙone ta ake yi a gona hayaƙi ya turnuƙe garuruwa, ana matse ta dami-dami a jera kamar tubali, a yaɓe ciki da waje da laka ko farar ƙasa. Manoman Nebraska a Amurka ne suka fara haka a ƙarshen ƙarni na 19 saboda rashin itace a yankinsu, kuma a garin Montargis na Faransa akwai gidan tattaka da ya haura shekara 100 yana tsaye. Bangon yana hana zafi da sanyi ratsawa ƙwarai. Akwai kuma hem, ɗan'uwan wiwi da ake nomawa don zarensa, wanda sinadarin maye a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ana kwaɓa tsakiyar karansa da farar ƙasa da ruwa a cika bango, dabarar da ta bunƙasa a Faransa tun shekarun 1980. Ba ya ɗaukar nauyin gini, sai an yi masa ƙashi na katako. Sai ɓawon bishiyar kwak, shi ma abin tare zafi ne, wanda Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya: ana ɓare shi duk bayan shekara 9 ba tare da an kashe bishiyar ba.

Waya ma da itace ta fara

Da yawa ba su san cewa rigar wayar lantarki ta farko daga tsiro take ba. A tsakiyar ƙarni na 19, da aka so shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku, an rasa abin da zai lulluɓe jan ƙarfe ya hana ruwan gishiri taɓa shi. Maganin ya fito daga dazukan Malaya da tsibiran da ke kewaye: danƙon wata bishiya da ake kira guta-faca, mai laushi a ruwan zafi, mai tauri idan ya huce, wanda ruwan teku ba ya lalatawa. Da shi aka haɗa Ingila da Faransa a 1851, da shi aka ƙetare tekun Atlantika a 1858, wayar ta mutu bayan 'yan makonni, aka sake shimfiɗa mai ɗorewa a 1866.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Masu neman danƙon kayar da bishiyar suke yi gaba ɗaya su tsattsage ta, kuma abin da bishiya guda ke bayarwa kaɗan ne. Cikin 'yan shekaru ta kusa ƙarewa a tsibirin Singafo, masu sara suka nausa Malaya da Sumatra da Borneo, aka kayar da miliyoyi. Kafin ƙarnin ya ƙare, masu harkar waya sun shiga fargabar cewa danƙon zai gagara. Ga abu na tsiro, mai sabuntuwa a bisa ɗabi'arsa, amma saurin sara ya fi saurin tohowa. Duk lokacin da na ji ana cewa tsirrai za su maye gurbin fetur a kowace masana'anta, wannan labarin ne ke faɗo mini.

A kan tudu kuwa roba ta bishiya da zaren auduga da takarda aka yi ta amfani da su. A wajajen 1890 injiniya Ferranti ya kai wuta mai ƙarfin bolt 10,000 daga tashar wuta ta unguwar Deptford zuwa tsakiyar Landan da kebul mai rigar takarda da aka jiƙa da kakin ma'adini. Sai a 1933 aka gano robar foli'etilin a Ingila, robar da ake kira PVC ma ta bazu, robobin fetur suka karɓe fagen saboda arha da daɗewa. Tsohuwar rigar roba da auduga tana bushewa ta farfashe bayan 'yan gomman shekaru, ta bar waya tsirara a cikin rufi. Ci gaba ne na gaske aka samu da aka bar ta. Takarda dai ba ta tafi ba: har yanzu ita ce ke naɗe da wayoyin cikin taransfoma da wasu manyan kebul na ƙarƙashin teku.

Rigar waya a yau

Mafi yawan wayar cikin gida PVC ce rigarta. Fiye da rabin nauyin PVC sinadarin kulorin ne da ake samu daga gishiri, sauran daga fetur ko gas. A asalinta tauri gare ta kamar bututun ruwa, sai an zuba mata mai na musamman take laushi ta naɗu. Wasu daga cikin waɗannan mayuka, dangin da ake kira fitalet, an gano suna taɓa tsarin haihuwa, kuma Tarayyar Turai ta taƙaita guda huɗu daga cikinsu a kayan lantarki tun watan Yulin 2019. A nan ne tsirrai suka fara samun ƙofa: ana sarrafa man waken soya da na zurma su yi wani ɓangare na wannan aiki. Amma PVC tana nan a PVC. Idan ta ƙone tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu ya kuma ci ƙarfe, shi ya sa a asibitoci da filayen jirgi da hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa ake neman wayar da ba ta da kulorin.

Hanya ta biyu ita ce ta rake. Ana tsima ruwansa ya zama sinadarin etanol, a cire masa ruwa ya zama iskar etilin, a haɗa ta zama foli'etilin. Kamfanin Braskem ya buɗe masana'antar yin haka a Triunfo da ke kudancin Brazil a 2010, mai ƙarfin tan 200,000 a shekara, kuma masu yin kebul a ƙasar sun yi rigar waya da ita. Wannan roba daidai take da ta fetur ta kowace fuska. Tana jure zafi iri ɗaya, tana shiga inji iri ɗaya, ana sake narka ta tare da 'yar'uwarta, kuma idan aka jefar da ita a kogi ba za ta ruɓe ba. Ribarta guda ce: kabon ɗin da ke cikinta daga iska rake ya ɗauko shi. Ga waya, wannan kamanni alheri ne, domin ba a buƙatar caca da lafiyar mutane a kan sabon abu.

Daga man zurma kuma, wanda Indiya ke noma mafi yawansa musamman a jihar Gujarat, ana yin wata roba mai tauri da santsi da ake kira Rilsan, wadda aka fara yi a Faransa tun shekarun 1940. Ana yi wa kebul ɗin da za a binne riga ta waje da ita domin bakin gara ba ya samun wurin kamawa a jikinta. Zurma tana fitowa a ƙasa mai ƙarancin ruwa kuma ba a cin ta, saboda haka ba ta ƙwace wa kowa abinci kai tsaye.

Ita kuwa robar masara da aka fi sani, PLA, wadda ake yin kofuna da ita, ba ta dace da waya ita kaɗai ba. Tana fara laushi a wajen digiri 60, alhali an tsara wayar PVC ta yi aiki har digiri 70, wasu nau'o'in har 90.

Ana yawan cewa ɓeraye suna cin waya mai man soya saboda ƙanshin abinci, har wasu masu motoci a Amurka sun kai ƙara kotu a kan haka. Abin da aka sani tabbas shi ne haƙoran gaba na ɓera ba sa daina girma, dole ya riƙa gurgurar abu don ya rage su, kuma ya daɗe yana gurgurar waya tun kafin a san da wannan sabon haɗi.

Inda tsiro ya yi nasarar da ba a cika jayayya a kanta ba shi ne man taransfoma. Man ma'adini da aka saba zubawa yana kama wuta a wajen digiri 160 zuwa 170. Wanda aka tace daga waken soya ko makamancinsa sai ya haura digiri 300, kuma idan ya zube a ƙasa ko ruwa yana ruɓewa da wuri. Yana kuma tsotse danshi daga takardar da ke ciki, abin da ke ƙara mata kwana. A 2014 an kunna babbar taransfoma mai bolt 420,000 da irin wannan mai a Bruchsal ta Jamus. Yana da nasa sharuɗɗa: ya fi kauri, yana daskarewa da wuri a tsananin sanyi, kuma iska tana lalata shi idan ba a rufe tankin ruf ba.

Riga ce kawai

Duk wannan magana a kan riga take. Abin da ke ɗauke da wuta a ciki jan ƙarfe ne ko alminiyom, kuma babu gonar da ke fitar da su. A yawancin kebul na wuta, ƙarfen ne ke da kaso mafi girma na iskar da aka fitar wajen ƙera shi. Narkar da tan ɗaya na sabon alminiyom yana cin wutar da ta kai yunit 14,000, yayin da sake narka tsoho ke cin kusan kashi 5 cikin 100 na wannan. Don haka kebul mai ƙarfen da aka sake sarrafawa, ko da rigarsa ta fetur ce, zai iya fin mai rigar rake da sabon ƙarfe sauƙin illa. Gini da waya sun bambanta a nan: a gini tsiro yana maye gurbin dubban tan na kaya masu nauyi, a waya kuwa ƙaramin sashe yake taɓawa.

Akwai kuma wata dabarar lissafi da mai saye ya kamata ya sani. Manyan masana'antun roba ba sa ware tukunya daban don kayan tsiro. Suna zuba tsohon man girki ko man da ke fitowa daga masana'antar takarda tare da na fetur a wuri ɗaya, sannan a kan takarda su jingina kason tsiron ga wani ɓangare na abin da suka fitar. Idan kashi 10 na abin da ya shiga na tsiro ne, sai a sayar da kashi 10 na abin da ya fita da wannan suna, ko da ainihin abin da ke hannunka galibinsa fetur ne. Masu kare tsarin suna cewa ita ce hanyar da za a fara ba tare da gina sababbin masana'antu ba, kuma akwai masu binciken waje da ke duba littattafan. Masu suka suna cewa mai saye yana fahimtar abin da ba haka yake ba. Ina ganin tsarin yana da amfani, amma wajibi ne a rubuta shi a sarari a jikin kaya.

Gonar wa, dajin wa?

Hujja mafi nauyi ta masu adawa ita ce ƙasa. Duniya tana yin roba sama da tan miliyan 400 a shekara, kuma ta tsiro ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa filin da take ci bai yi yawa ba tukuna. Idan aka ninka ta sau hamsin maganar za ta sauya. An ga yadda neman manja ya cinye dazuka a Indonesiya da Malesiya, da yadda waken soya ya mamaye dajin Cerrado a Brazil. Idan aka sare tsohon daji don a shuka abin da za a yi roba mai tsabta da shi, iskar da aka saki a ranar saran za ta ɗauki gomman shekaru kafin a biya ta. Ga taki da maganin feshi da ruwan ban-ruwa da man jirgin da zai ɗauko kayan daga wata nahiya.

Haka katako. Lissafin kabon ɗinsa yana tsayawa ne a kan sharuɗɗa biyu: a mayar da bishiyar da aka sare, kuma katakon ya daɗe yana aiki. Idan aka rushe ginin bayan shekara 30 aka ƙone ginshiƙan, iskar ta koma inda ta fito. Bishiya ma ba dukkanta ke zama katako ba, rassa da ɓawo da dusa galibi ƙonewa ko ruɓewa suke yi da wuri. Tsarin tantance daji irin na FSC, wanda aka kafa a 1993, yana ƙoƙarin bin sawun katako daga daji zuwa kasuwa, ko da yake shi ma ya sha suka a kan sakaci a wasu wurare. Wannan ya sa nake ganin abubuwan da suka fi cancanta a ba su fifiko su ne ragowar da ake zubarwa ko ƙonawa: tattaka, ɓuntun shinkafa, tuƙar rake, dusar katako, tsohon man girki. Ba sa neman sabon fili.

Abin da zai iso ga mai gida

Mafi yawan mutane ba za su zauna a bene mai hawa 18 ba. Abin da zai fi taɓa su shi ne abin tare zafi a rufi da bango. Gidan da aka sa wa allon zaren itace ko tattaka ko kwak ba ya ɗaukar zafi da sauri, ba ya sakin ɗumi da sauri, kuɗin fanka da na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa sai ya ragu duk wata. Manomi ma zai iya samun kuɗi daga abin da a da yake cinna wa wuta. Cikas ɗin su ne farashin farko, wanda sau da yawa ya fi na kayan da aka saba saboda ba a yin su da yawa, da ƙarancin magina da suka iya aikin, da kamfanonin inshora da bankuna da ke ɗari-ɗari da abin da ba su da dogon tarihinsa a littattafansu.

A ɓangaren waya, tambari mai ganye kore ba ya cikin abubuwan da ke hana gobara. Abin dubawa shi ne shaidar hukumar tabbatar da inganci, da kaurin ƙarfen ciki, da zafin da aka rubuta cewa rigar tana jurewa. Wayar da aka rage wa jan ƙarfe tana ɗumi duk lokacin da wuta ke bi ta cikinta, wannan ɗumin kuma wuta ce da aka biya kuɗinta tana tafiya a banza shekara da shekaru, ga haɗarin da ke tattare da shi. Tsohuwar waya kuma a kai ta inda ake fere ta da inji. Ƙona ta a fili don a ciro jan ƙarfe yana sakin guba irin su dayoksin da hayaƙin dalma, kuma mai ƙonawar ne ke fara shaƙa.

Akwai wurin da batutuwan biyu suke haɗuwa, wato cikin bangon da aka cika da abin tare zafi. Duk abin da ke hana zafin rana shiga ɗaki yana hana zafin waya fita, ko na tsiro ne ko na fetur. Ƙa'idojin wayarin sun tanadi cewa wayar da ta nutse gaba ɗaya cikin irin wannan cika, a tsawo mai yawa, a lissafa ta a kan kusan rabin wutar da take ɗauka a sarari. Don haka mai wayarin da zai yi aiki a gidan tattaka ko na katako sai ya ƙara kaurin waya, ya bi da ita ta cikin bututu ko ta gefen yaɓe, ya sa kowane haɗi a cikin akwatinsa a rufe inda za a iya buɗewa a duba, ya kuma sa makashin wuta da ya dace da kaurin wayar da ya ja.